Masana'antar Tukwane ta Ladi Kwali da ke Suleja: Tarihinta, Aikinta da Dalilan Durƙushewarta

Gabatarwa

Masana'antar Tukwane ta Ladi Kwali tana cikin garin Suleja, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Suleja a Jihar Neja. An buɗe ta a shekarar 1952 da sunan Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja, domin a wancan zamani Abuja ake kiran garin. Daga wannan wuri ne tukwanen ƙasarmu suka fita zuwa manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, kuma a nan ne aka horar da matar da hotonta yake bayan takardar kuɗi ta naira ashirin. Duk da wannan suna da ta yi, aiki ya ja baya a masana'antar bayan rasuwar manyan maginanta, har ta kai jaridun ƙasar nan, a shekarun 2000 da na 2010, sun sha kawo rahotannin yadda gine-ginenta suka zama kango.

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'ar karkara da hakimai da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi, saboda su san asalin wurin, da irin aikin da aka yi a cikinsa, da abin da ya durƙusar da shi, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu game da shi da sauran wurare irinsa.

Garin da sunansa

Garin da muke kira Suleja a yau, Hausawan Zazzau ne suka kafa shi. Bayan da jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, sai ya yo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Gbagyi da Koro. Ɗan'uwansa Abubakar Ja, wanda aka fi sani da Abu Ja, shi ne ya kafa garin a shekarar 1828, aka kuma kira shi da sunansa. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a wannan yanki. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, shi kuwa tsohon garin aka mayar da sunansa Suleja, domin girmama Mai Martaba Sarki Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Saboda haka duk inda mai karatu ya ga an rubuta "tukwanen Abuja" a tsofaffin littattafai, Suleja ake nufi.

Ginin tukwane kafin zuwan masana'antar

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar nan ta shahara da ginin tukwane, musamman a wajen matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. Maginiya takan haƙo yumɓu, ta daka shi, ta kwaɓa, sannan ta ɗora gindin tukunya a kan kasko ko tsohuwar ƙwarya. Tana murza yumɓun kamar igiya tana ɗorawa, tana zagaya tukunyar da baya da baya har ta tashi. Idan ta ɗan sha iska sai a kankare ta, a goge, a yi mata zane da wuƙa ko tsinke, ko a mirgina mata tufkakken zare domin ado.

Gashi kuwa a fili ake yin sa. Ana jera tukwanen a matoya, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Cikin ɗan lokaci an gama, kuma a wurare da yawa akan yayyafa wa tukwanen ruwan makuba tun suna da zafi, domin su yi duhu su kuma ƙara ƙwari. Zafin irin wannan wuta bai cika wuce digiri 600 zuwa 800 ba. Wannan ne ya sa jikin randa da tulu yake tsatsafar da ruwa kaɗan-kaɗan, iska na busar da shi, ruwan ciki na yin sanyi. Haka kuma tukunyar ƙasa tana jure harshen wuta a kan murhu ba ta fashewa. Waɗannan siffofi biyu su ne suka sa tukwanen gargajiya suka riƙe kasuwarsu a ƙauyuka har yau.

Yadda aka kafa ta

A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew aiki a matsayin jami'in kula da sana'ar tukwane a Sashen Ciniki da Masana'antu. An haife shi a 1901, ya koyi sana'ar a wurin Bernard Leach, ya kuma riƙe masana'antarsa a Ingila kafin ya tafi ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, a shekarar 1942. A can ya yi aiki a Alajo kusa da Akara, daga baya kuma a garin Vume da ke bakin Kogin Volta.

Da ya iso Nijeriya sai ya zagaya sassan ƙasar yana duba yumɓu da aikin magina. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tarin tukwanen da Sarki ya ajiye domin ado, cikinsu har da na wata maginiya daga garin Kwali. A shekarar 1951 ya zaɓi Abuja ta zama mazaunin cibiyar koyarwa ta Arewa, aka kuma fara aiki a 1952. Dalilan zaɓen sun haɗa da yumɓu mai kyau a kusa, da wadatar itacen wuta, da ruwan Kogin Iku, da kasancewar garin a tsakiyar ƙasa, da kuma goyon bayan da Sarki ya bayar. Gine-ginen farko an yi su ne da tubalin ƙasa da jinkar ciyawa, kamar yadda mutanen wurin suke yin nasu.

Manufar gwamnati a lokacin ita ce a koya wa samari yin kofuna da farantai da butocin shayi da kwanonin miya masu ƙyalli, irin na tangaran da ake shigowa da su daga waje, sannan kowa ya koma garinsu ya buɗe ƙaramar masana'anta. Shi Cardew ya yi imani cewa tukwanen gargajiya ba su buƙatar gyara, don haka bai nemi sauya aikin matan ƙauye ba. Abin da ya kawo sana'a ce ta daban, mai amfani da keken gini da tanderu.

Sassan masana'antar da aikin kowanne

Duk wanda ya shiga tsohuwar masana'anta irin wannan zai fi gane abin da yake gani idan ya san yadda aikin yake tafiya daga farko zuwa ƙarshe.

Na farko, wurin tace yumɓu. Ana jiƙa yumɓu a kwarmi mai ruwa, a dama shi har ya zama kamar kunu, a tace tsakuwa da saiwoyi, a bar shi ya kwanta, sannan a tsiyaye ruwan a shanya shi har ya yi tauri daidai kwaɓi. Bayan haka a cuɗa shi a fitar da iska, a ajiye a wuri mai laima na makonni domin ya ƙara danƙo.

Na biyu, ɗakin gini. A nan ake ajiye kekunan gini, wato faifai mai juyawa wanda magini ke tuƙawa da ƙafa, hannuwansa kuma suna ɗaga yumɓun. Gwani yana iya fitar da kofuna masu yawa a yini, dukkansu girma ɗaya.

Na uku, rumfar shanya, inda ake jera kaya a kan katako su bushe a inuwa. Kayan da suka bushe da gaggawa tsagewa suke yi.

Na huɗu, wurin haɗa ruwan ƙyalli. Shi wannan ƙyalli gilashi ne da yake narkewa a jikin tukunya. Ana haɗa shi da niƙaƙƙen dutse da tokar itace da yumɓu da farar ƙasa. Cardew ya dage a kan a yi amfani da kayan da ake samu a cikin ƙasa, don haka a Abuja aka yi ta gwaji da duwatsu da toka da ƙasa iri-iri har aka dace. Abin da ya koya a nan shi ne ginshiƙin littafinsa mai suna Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969.

Na biyar, tanderu da bututun hayaƙinsa. Ana gina shi da bulo mai jure wuta, kuma itace ne makamashinsa. Harshen wuta yana tashi zuwa rufin tanderun, sannan jan bututu ya komo da shi ƙasa ta tsakanin kayan, ya fita ta ƙofofin da ke daɓe. Ana buƙatar zafin da ya kai digiri 1,250 zuwa 1,300, kuma kai wa ga haka yana cin sa'o'i masu yawa ana zuba itace dare da rana, sannan a jira kwanaki kafin tanderun ya huce a buɗe. Abin da ya fito daga wannan wuta yana da tauri kamar dutse, ruwa ba ya ratsa shi.

A ƙarshe akwai juji na tsingaro, inda ake zubar da kayan da suka fashe ko suka lanƙwashe a wuta. Masana tarihi suna daraja wannan juji ƙwarai, domin daga shi ake gane irin kayan da aka yi da gwaje-gwajen da ba su yi nasara ba.

Ladi Kwali da abokan aikinta

An haifi Ladi a garin Kwali wajen shekarar 1925. Garin yanzu yana cikin Birnin Tarayya. Sunanta na nuna ranar Lahadi aka haife ta. Ta koyi gini tun tana yarinya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, kuma tun kafin ta girma sosai tukwanenta suka yi suna a kasuwannin yankin. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Ta koyi gini da keke, ta yi kofuna da farantai da kwanoni, amma abin da ya fitar da sunanta shi ne manyan tulunan da ta ci gaba da ginawa da hannu kamar yadda ta gada. Takan zana musu ƙadangare da kunama da kifi da kada da hawainiya da tsuntsaye, a cike zanen da farar ƙasa, a shafa ƙyalli, a gasa a tanderu.

Irin wannan tulu ya fi na gargajiya nauyi, kuma ba ya sanyaya ruwa tun da jikinsa ba ya tsatsafa. Saboda haka ya tashi daga kayan aikin gida ya koma kayan ado da ake ajiyewa a gidajen tarihi. An baje kolin kayan Abuja a Landan a shekarun 1958 da 1959 da 1962, suka samu karɓuwa matuƙa. Ladi da kanta ta je Ingila a 1962 ta nuna yadda take gini a gaban jama'a, ta kuma zagaya Amurka tare da Cardew a 1972.

Ta samu lambar yabo ta MBE a 1963, da digirin girmamawa na dakta daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1977, da babbar lambar ƙasa ta masana a 1980, da lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. A farkon shekarun 1980 aka sa wa cibiyar sunanta, kuma a 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sabuwar takardar naira ashirin ɗauke da hotonta tana gini. Ana samun ayyukanta a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, an kuma sake nuna su a wani baje koli a Landan a 2022.

Ladi ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Bayanta wasu mata sun shiga, kamar Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Cikin maza akwai Tanko Ashada da Bawa Ushafa da Danlami Aliyu, da Kofi Athey wanda ya biyo Cardew daga Gwalkwas, daga baya ya koma Jos. Kowane magini yana da tambarin sunansa da yake bugawa a gindin kaya, tare da tambarin masana'antar, wanda aka rubuta "Abuja" da haruffan Larabci. Tambarin Ladi shi ne haruffa biyu, LK.

Dalilan durƙushewa

Dalili na farko yana cikin tsarin tun daga tushe. An so kayan su shiga gidajen 'yan ƙasa, amma tsadar aikin ta sa farashinsu ya fi ƙarfin talaka. A kasuwa kuwa ga langa da kwanon sha na ƙarfe masu araha da rashin nauyi, waɗanda ba sa fashewa, daga baya kuma roba da tukunyar dalma suka cika ko'ina. Masu sayen kayan Abuja sai suka zama Turawa da ma'aikatan jakadanci da manyan ma'aikata. Ƙananan masana'antun da aka buɗe a Kano da Sakkwato domin waɗanda suka gama koyo ba su daɗe ba aka rufe su.

Na biyu, wurin ya dogara ne ga kasafin gwamnati, kuma ya yi ta sauya hannu. Daga gwamnatin mulkin mallaka ya koma ƙarƙashin Jihar Arewa, a 1967 ya faɗa Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 kuma Jihar Neja. Masana'antar da take jiran a sako mata kuɗin itace da na gyaran tanderu daga ofis mai nisa, da wuya ta yi gashi a kan kari. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan faɗuwar farashin man fetur a shekarun 1980 ya ƙara rage abin da ake kashewa a irin waɗannan wurare.

Na uku, gwanaye sun tafi ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba. Cardew ya bar aiki a 1965, ya rasu a 1983. Michael O'Brien ya gaje shi har zuwa 1972. Ladi ta rasu a 1984, sauran kuma wasu suka yi ritaya, wasu suka buɗe nasu wuraren. Ilimin haɗa ƙyalli da sarrafa wutar tanderu a hannu da ido yake, sai an daɗe tare da gwani ake samunsa, saboda haka idan aka yi shekaru ba a ɗauki almajirai ba, ilimin yakan tafi tare da masu shi.

Na huɗu, Suleja ta cika ta batse sakamakon gina Birnin Tarayya, musamman bayan da gwamnati ta tare a can a 1991. Itacen da ake samu a kusa ya yi nisa ya kuma yi tsada, filaye suka yi daraja, gine-gine suka mamaye wuraren da a da daji ne.

Shi kuwa gini, da zarar an daina amfani da shi, lalacewarsa ba ta da wuya. Rufi ya fara yoyo, ruwa ya shiga bango, gara ta ci katako, tsiro ya fito a tsakanin bulon tanderu saiwarsa ta tsaga shi. Damina kaɗan sun isa su rusa abin da aka yi shekaru ana ginawa.

Sana'ar dai ba ta mutu ba. Waɗanda suka koyi aiki a Suleja da almajiransu sun kafa masana'antu a Minna da Bwari da kusa da Kaduna, matan Ushafa kuma sun ci gaba da gini, har Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci garinsu a shekarar 2000.

Jan hankali ga masu ziyara

Ɗalibai da masu sha'awar tarihi sukan so shiga tsofaffin masana'antu domin gani da ido. Muna jan hankalinsu da su nemi izinin hukumar da ke kula da wurin tukuna, su kuma shiga da rana tare da wanda ya san wurin. Kada a shiga cikin tsohon tanderu ko a hau kansa, domin rufinsa yana iya ruftawa ba tare da wata alama ba. A kula da macizai da kunamu a cikin ciyawa da ƙofofin wuta. Idan an ga tsofaffin buhuna ko gwangwanaye masu gari a ciki, kada a taɓa ko a shaƙa, domin wasu kayan haɗa ƙyalli suna da illa ga huhu da jiki. Iyaye su hana yara mayar da irin wannan wuri filin wasa. Haka kuma kada a ɗauki bulo ko ƙarfe ko tsingaro a tafi da shi gida, domin kayan jama'a ne.

Kira ga jama'a da shugabanni

Mai yiwuwa ne a cikin gidajenmu, musamman na tsofaffin ma'aikata da masu sarauta, akwai kofuna da kwanoni da tuluna na wannan masana'anta. Muna ba da shawara a duba gindinsu. Idan an ga tambarin Abuja da Larabci, ko haruffan sunan magini, to abu ne mai daraja, kuma irinsa ana sayar da shi da tsada a kasuwannin gwanjo na ƙasashen waje. Kada a yi gaggawar sayar wa dillalin da ya zo ƙauye da 'yan kuɗi kaɗan. A nemi shawarar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 1979, kuma ita ce ke ba da izinin fitar da kayan tarihi daga Nijeriya.

Ga hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi, akwai ayyukan da ba su buƙatar kuɗi masu yawa. Na ɗaya, a san iyakokin filayen irin waɗannan wurare, a rubuta su, a hana yanka su ko gini a ciki. Na biyu, a riƙa sare ciyawa da toshe yoyon rufi kafin damina. Na uku, a nemo tsofaffin magina da iyalansu, a naɗi bayaninsu da hotunansu tun suna raye. Na huɗu, a kiyaye wuraren da mata ke haƙar yumɓu, kada a sayar da su ga masu gini ba tare da an ware musu wani wuri ba. Na biyar, malaman makarantu su riƙa kai ɗalibai wurin magina na kusa da su, domin yaro ya ga yadda ake yin randar da yake shan ruwa a cikinta.

Kammalawa

Masana'antar Suleja ta nuna cewa da yumɓunmu da duwatsunmu da tokarmu za a iya yin kayan da duniya za ta yaba. Ta kuma nuna cewa masana'anta ba ta ɗorewa sai da kasuwa ta kusa, da kuɗin aiki a kan lokaci, da almajiran da za su gaji gwanaye. Duk ƙaramar hukuma ko ƙungiyar da ke shirin buɗe cibiyar koyon sana'a, ta fara da amsa tambayoyi uku: wa zai sayi kayan, wa zai biya kuɗin gyara, wa kuma zai karɓi aikin idan malami ya tsufa. Hausawa na cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna fata jama'a da shugabanni za su haɗa hannu wajen kiyaye abin da ya rage na wannan gado. Allah Ya taimake mu.